GARDAMAR DA NA TARAR A SHAGON CAJI KAN FIM ƊIN 'YAN SHAN JINI



Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, makon jiya na je gida Kunci ɗaurin aure. Da yamma bayan La'asar wayata ta mutu, kun dai san halin wuta a wajenmu, sai na taka zuwa shagon caji na ɗan yayana. Tun daga nesa nake jiyo hayaniya. Samari ne kusan goma a kan benci, wasu ko ƙurar gona ba su kakkaɓe ba, ana ta musu har da rantse-rantse. Da suka hango ni sai kowa ya yi tsit, ɗaya ya yi wuf ya jefa waya aljihu. Na ce, a'a, ku ci gaba mana, ni ma zama na zo yi. Sai mai shagon ya yi dariya ya ce, "Baffa, fim ne fa suke wa musu, na 'yan shan jini." Na ce to madalla, a ba ni labari.

Fim ɗin na 'yan Kudu ne, sunansa Living in Bondage. Na farkon ya fito tun 1992 da harshen Ibo, a kaset ɗin bidiyo, kuma masana harkar suna cewa da shi ne kasuwar finafinan Kudu ta buɗe. Labarin wani mutum ne mai suna Andy da talauci ya ishe shi, abokinsa ya kai shi ƙungiyar asiri, aka ce sai ya ba da wanda ya fi so a duniya. Ya ba da matarsa. Kuɗi suka zo, fatalwar matar ta hana shi sakat, ya haukace yana cin shara, daga ƙarshe aka kai shi coci aka yi masa addu'a ya warke. A 2019 aka yi ci gabansa, Ramsey Nouah ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin shugaban matsafan, wannan karon ɗan Andy ne ya faɗa tarkon. Wannan na biyun shi ne aka tura wa yaran nan a waya, shi suka kwana suna kallo.

Na zauna na saurare su fiye da rabin awa ban ce uffan ba. Wallahi na ƙaru, domin abin da mutum zai faɗa a majalisa ba zai faɗe shi a gaban malami a masallaci ba.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya cewa yake, "Malam, wannan fim gaskiya tsagwaronta ce. Duk wanda ka ga ya yi kuɗi dare ɗaya, to bincika, akwai abin da ya bayar." Har ya fara lissafo mutane, na ɗaga masa hannu. Wani ɗalibi da ke karatu a Kano ya ce shi duk wannan camfi ne, babu wani tsafi babu wani aljani, an dai mayar da mutane wawaye. Wani kuma ya ce shi a wajensa fim ɗin wa'azi ne, har ma ya fi wa'azin wasu malaman shiga jiki, don ya ga ƙarshen matsafi da idonsa. Aka yi dariya aka kalle ni. Na ce ba komai, mun ji, Allah Ya ba mu ikon gyarawa.

Zan fara da mai cewa wa'azi ne, don maganarsa ta fi kama da gaskiya, kuma abin da ya yi kama da gaskiya ya fi wuyar ganewa. Na tambaye shi: a cikin fim ɗin, da aka ba da jinin, kuɗin sun zo ko ba su zo ba? Ya ce sun zo. Na ce to a nan gizo yake saƙar. Fim ɗin ya ce maka ƙarshen abin ba kyau, wannan gaskiya ne. Amma kafin ya kai ka can, ya riga ya dasa maka wani abu a zuciya ba tare da ka lura ba, wato cewa Shaiɗan yana da taskar arziki, yana bayarwa, tsada kawai gare shi. Kusan awa biyu kana kallon motoci da gidaje da jirgin sama, sannan a ba ka 'yan mintoci na nadama. Yaron da ya kwana bai ci tuwo ya ƙoshi ba, wanne zai fi zama masa a rai?

Mu a aƙidarmu babu wannan ciniki sam. Shaiɗan bai mallaki ko ƙwayar gero ba. Allah Ya gaya mana a Suratul Baƙara aya ta 268 cewa abin da Shaiɗan yake yi shi ne tsoratar da mutum da talauci sannan ya umarce shi da alfasha. A Suratun Nisa'i aya ta 120 Ya bayyana cewa alkawuransa ruɗi ne zalla. Kuma a Suratu Ibrahim aya ta 22 an kawo mana jawabin da shi da kansa zai yi bayan an gama hisabi, inda zai wanke hannunsa, ya nuna cewa bai taɓa samun wani iko a kan kowa ba, kira kawai ya yi aka amsa masa. Wanda jarinsa kira ne kawai, ina ya ga kuɗin da zai ba ka?

Ba sai mun je nesa ba, mu duba abin da ya faru a ƙasar nan. A watan Satumba na 1996 a Owerri aka kama wani mutum da kan yaro ɗan shekara 11 mai tallan gyaɗa, aka gano gangar jikin a harabar otal ɗin Otokoto, gari ya kama da wuta. A watan Maris na 2014 aka bankaɗo dajin Soka a Ibadan, aka tarar da gawarwaki da mutanen da aka tsare sun rame kamar ba masu rai ba. A watan Janairu na 2022 a Abeokuta aka kama wasu samari, yara ƙanana sa'annin waɗanda nake zaune da su a benci, sun kashe budurwar ɗaya daga cikinsu suna ƙona kanta a tukunya, kuma aka ruwaito suna cewa a Facebook suka ga yadda ake yi. Ku gaya mini, a duk waɗannan wa ya ga kuɗi? Abin da aka gani gawa ce, da ankwa, da uwa tana kuka. Bayan abin Abeokuta ne Majalisar Wakilai ta yi kira a ɗauki mataki har da tace finafinai, kuma a watan Mayu na 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sanar da hana ƙawata tsafin kuɗi a fim. Ko su mutanen harkar sun fara gane cewa "ai wa'azi muke yi" ba ta wadatar ba. Mu ma a Kano muna da hukumar tace finafinai tun 2001, amma ina hukuma za ta ga abin da ake turawa daga waya zuwa waya a ƙauye?

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai kallo ya sani. Waɗanda suka yi fim ɗin Kiristoci ne, sun gina labarinsu bisa abin da suka yi imani da shi, har da inda tsira take a ƙarshe. Ban zarge su ba, kowa da abin da ya taso a kai. Kai ne dai Musulmi ya kamata ka san cewa fim ba ya zuwa hannu rabbana, yana ɗauke da aƙidar mai shi. Namu na Kannywood ma ba su tsira ba. Sau nawa aka nuna boka da jan ƙyalle da ƙwarya yana ƙyaƙyata dariya, ya ce wa mace aikinki ya gama, kuma a nuna aikin ya ci daidai yadda ya faɗa? Wannan talla ce aka yi wa boka kyauta, ko da a ƙarshe an nuna ya mutu a wulaƙance.

Shi kuwa ɗalibinmu mai cewa babu sihiri babu aljan, amsarsa gajeriya ce, na kuma faɗa masa cikin raha don na san zafin karatu ne. Aljanu suna nan, sura guda aka saukar da sunansu. Sihiri yana nan, Baƙara aya ta 102 ta yi bayaninsa har da raba miji da mata, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Labidu ɗan A'asam ya yi wa Manzon Allah (SAW) sihiri da mataji da gashi ya jefa a rijiya, Allah Ya warware. Amma ita wannan ayar ta 102 ita ce ta yanke cewa ba sa iya cutar da kowa sai da izinin Allah. Kuma dubi aljanun Annabi Sulaiman (AS) a Suratu Saba'i aya ta 14: ya rasu yana dogare da sandarsa, suna ta aikin wahala a gabansa ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Waɗanda ba su san mutuwar wanda ke tsaye a gabansu ba, su ne fim yake nuna maka sun san abin da ke zuciyarka, suna ɓullowa ta madubi. Mu ba ma ƙaryata samuwarsu, kuma ba ma ba su girman da Allah bai ba su ba.

Wannan girman da ake ba su yana da illa ta zahiri. Mai shagon ya gaya mini ƙaninsa ɗan shekara 12 ya kalli fim ɗin tare da su, kwana uku ke nan ba ya iya fita bayan gida da dare sai an raka shi, kuma ya daina bin mahaifinsa masallaci da Asuba, wai duhu. Subhanallah. Yaron da a da yake riga kowa tashi. To ka ga ribar Shaiɗan ke nan, ba sai ya sha jinin kowa ba. Allah Ya faɗa a Ali Imrana aya ta 175 cewa aikinsa ne tsoratar da mutane da majiɓintansa, Ya hana mu jin tsoronsu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai suna tafiya, ɗaya ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya da wasa ya farka a firgice, sai Annabi (SAW) ya hana Musulmi ya firgita ɗan uwansa. Igiya ke nan fa, da wasa. Ina ga wanda ya miƙa wa yaro waya cikin dare ya ce kalli yadda ake yanka mutum? Akwai kuma hadisin sahabin da ke bayan Annabi (SAW) a kan dabba, dabbar ta yi tuntuɓe, ya la'anci Shaiɗan, sai aka koya masa cewa irin wannan kumbura shi take yi har ya zama kamar ɗaki yana jin da ƙarfinsa ya yi, amma in an ambaci sunan Allah sai ya ƙanƙance kamar ƙuda. Finafinan nan kumbura shi suke yi.

Yanzu bari in dawo kan mai babbar murya, don maganarsa ce ta fi tayar mini da hankali, kuma ita ce ta fi yawa a garuruwanmu. "Duk mai kuɗi akwai abin da ya bayar." 'Yan uwa, mu ji tsoron Allah. Mutum ya shekara ashirin yana sayen riɗi da wake a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Dawanau, yana kwana a kan buhu, rana ta dake shi ruwa ya dake shi. Ran da ya gina gidan bulo ya sayi mota, sai a ce dare ɗaya. Kai ne ka gan shi dare ɗaya. In Allah Ya jarrabe shi ɗansa ya rasu da zazzaɓin damina, kamar yadda 'ya'yan talakawa suke rasuwa, sai a koma gefe a wajen zaman makoki ana ƙus-ƙus, wai ya bayar. In yana da ɗa mai taɓin hankali ko wanda ba ya magana, a ce shi ne yake masa aman kuɗi a ɗaki. Ka taɓa tunanin yadda uwar yaron nan take ji in maganar ta koma kunnenta? Ta yi haƙurin rashi, ko ta yi haƙurin a ce mijinta ne ya kashe mata ɗa?

Allah Ya hana mu yawan zato a Suratul Hujurati aya ta 12, Ya haɗa shi da bin diddigi da gulma a aya ɗaya, don tare suke tafiya. Annabi (SAW) ya siffanta zato da cewa shi ne mafi ƙaryar zance. Kuma tuhumar mutum da tsafi ba ƙaramar tuhuma ba ce, kana jifansa da shirka da kisan kai a lokaci guda, biyu daga cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da suka zo a hadisin Abu Huraira. Da wace hujja? Da fim?

Irin wannan zato yana kashe mutane. Mun san tsofaffin mata nawa aka kira mayu a ƙauyuka, aka tilasta musu tsallaka mara lafiya, aka kore su daga gidan da suka tsufa a ciki, alhali laifinsu kawai tsufa da talauci da rashin mai tsaya musu. Kada ku ɗauka jahilcin ƙauye ne kaɗai. A Amurka, bayan finafinai irin su Rosemary's Baby na 1968 da The Exorcist na 1973 sun cika zukata, an shiga wani yanayi a shekarun 1980 da ake ganin masu bautar Shaiɗan a ko'ina. Aka tuhumi malaman wata makarantar yara ta McMartin a Kalifoniya, aka fara bincike a 1983, ba a rufe shari'ar ba sai 1990, kuma ba a samu ko mutum ɗaya da laifi ba, bayan an riga an rusa rayuwarsu. Mu kuma ba mu manta da Uromi ba, watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar dawowa gida Sallah, bisa zaton masu garkuwa da mutane ne. Mun yi kuka, mun ce zalunci ne a kashe mutum kan zato, kuma gaskiya muka faɗa. To wanda ya yi wannan kukan bai kamata a same shi yana nuna gidan maƙwabcinsa yana cewa ɗan shan jini ne ba. In kana da hujja ta gaske a kan wani, ga mai unguwa, ga dagaci, ga hukuma.

Wani abin mamaki, muna can muna leƙen ƙungiyar asiri a Legas mai baƙaƙen riguna da kyandir, alhali ƙofar da ake shiga wannan bala'i tana nan kusa da mu, kuma ba ta da ban tsoro ko kaɗan. Ba wanda ake fara ce wa kawo kan mutum. Ana farawa ne da "kawo baƙar kaza", "kawo jan zakara a yanka a gindin tsamiya, kada a yi bisimilla", "binne wannan layar a ƙofar shagon abokin gabarka". Wani ma da rawani da carbi da buzu zai gaya maka haka, ana ce masa malam. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Ali (RA) cewa Allah Ya la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah, ba a ce sai yankan ya kai mutum ba. Ya kuma ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Mata masu zuwa neman mallaka, 'yan kasuwa masu neman farin jini, 'yan siyasa in zaɓe ya matso, duk layi ɗaya ake bi. Wanda ya saba da kaza, ran da aka ce masa aikin ya fi ƙarfin kaza, ya riga ya yi nisa.

Wasu za su ce, Malam, ka faɗa mana kai tsaye, kallon halal ne ko haram? Abin da zan ce shi ne ka duba abin da ke ciki da abin da ya bar maka. In akwai tsiraici da nuna ayyukan shirka dalla-dalla kamar ana koyarwa, wannan ba ya buƙatar dogon bincike. In ka tashi daga kallo kana tsoron duhu fiye da yadda kake tsoron barin Asuba, ko kana kallon maƙwabcinka da wani ido, ko zuciyarka tana raya maka "ashe akwai hanya", to ya cutar da addininka, ka bar shi. Yara kuwa ba ma a maganarsu, amana ce a wuyan wanda ya ba su wayar. Kariyar da aka koya mana ba ta da tsada: Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya, wadda shi Shaiɗan da bakinsa ya gaya wa Abu Huraira amfaninta ran da aka kama shi yana satar abincin zakka, ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a hannu a shafe jiki, da azkar na safe da yamma. A koya wa yara su, a daina tsorata su da dodo.

Da aka kira Magariba kowa ya watse. Akwai wani yaro da tun da na zauna bai ce komai ba, shi ne ya karɓi wayata ya riƙe mini, ya biyo ni. Sai da muka yi nisa da mutane ya ce, "Malam, ni fa ba wai zan yi ba ne. Amma don Allah, da gaske kuɗin ba sa zuwa?" Na tsaya na dube shi. Na san gidansu. Mahaifinsa ya rasu, gonar da aka bar musu in an raba ba ta kai a kira ta gona ba, taki ya fi ƙarfinsu, ya je ci-rani sau biyu ya dawo da ciwo, kuma yarinyar da yake nema an ce ya fito ko a ba wani. Ban yi masa faɗa ba, don wanda ya yi irin wannan tambayar a fili ya fi wanda ya ɓoye ta. Na ce masa, ɗana, wallahi ba sa zuwa. Da suna zuwa, da bokan bai zauna a bukka yana jiran dubu biyunka da kazarka ba. Na ce kuma ko da a ce suna zuwa, me za ka saya da su bayan ka sayar da lahirarka? Na tuna masa hadisin da Annabi (SAW) ya fifita mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar a kan ya roƙi mutane, na ce roƙon mutane ma ke nan, ina ga roƙon Shaiɗan.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, ya zan yi?" Gaskiya ni ma sai da na yi shiru, don aya da hadisi na iya kawo masa, amma wannan tambayar tana neman wani abu daga aljihunmu da lokacinmu. Bayan sallah na kai shi wajen wani dattijo cikin danginmu da ke noman rani a bakin dam ɗin Gari, muka yi magana, ya yarda zai yanka masa wani ɓangare ya gwada albasa da tumatir bana, a raba amfani. Maganar auren kuma na ce zan je in ga mahaifin yarinyar da kaina kafin in koma Kano, na kuwa je, ya ce zai ƙara masa lokaci zuwa bayan girbin rani. Shi kuma ɗan yayana mai shago ya yi mini alkawarin ba zai ƙara tura irin waɗannan finafinai a wayar yaro ƙarami ba, ko da an ce babba ne ya aiko shi. Ƙanin nasa na sa an kawo mini shi, muka karanta Ayatul Kursiyyu tare har sau uku, washegari da Asuba na gan shi a sahu na biyu yana hamma.

In Allah Ya kai mu Asabar bayan Magariba za mu ci gaba da karatun Kitabut Tauhid, kuma babin sihiri muka iso. Mai tambaya ya rubuto ta tun yanzu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.